Ƙullutun Wuyana da Tafiyar Agusta

Ina durƙushe a bakin ƙofar kicin, fensir a hannuna, Khalifa ya manna bayansa da katakon ƙofar yana ɗage don ya ƙara tsawo. Na ce ya sauke dugadugansa, ba na son maguɗi. Na ɗaga kai in ga inda zan yi alama a saman kansa, sai na ji wani abu ya ɗan ja ni a gefen wuya, ƙasan kunnen dama. Na kai hannu. Wani ƙullutu ne kamar gurjiya. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, yana zaune daram kamar ya daɗe da tarewa, ni ce ban sani ba.

"Mummy, na kai?"

"Saura kaɗan."

"Kullum saura kaɗan!" Ya faɗa da Turancin nan nasu na 'yan Manchester, wanda ko babansa sai ya ce a maimaita masa.

Na yi alamar, na gyara ɗaurin ɗankwalina, na tafi na ɗora girki. Ban faɗa wa kowa ba.

Sunana Bilkisu. Haifaffiyar Kano ce ni, kuma iyakar karatuna sakandare, don haka wadda ta ga rubutun nan ba tsari ta yi haƙuri. Na biyo mijina ne da ya samu tallafin karatun digiri na uku a fannin injiniya. Muna zaune a Gorton, cikin gidajen nan na jan bulo da ke manne da juna, da yaranmu biyu: Khalifa mai shekara bakwai da Iman mai biyar. Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwana mata da ke zuwa ƙasar nan da tarbiyya irin tawa. Alhamdu lillahi ina kan ƙafafuna, amma har yau sai in tsinci hannuna a wuyana ban san lokacin da ya je ba.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane abin da ya kai ni awon tsawon yaro a jikin ƙofa.

A hutun tsakiyar zango na watan Fabrairu mun je Birmingham gidan Yaya Hadiza, yayar mijina. Akanta ce, ta daɗe a ƙasar nan, kuma ba ta iya ɓoye magana a ciki ba. Har yau Amarya take ce mini, ko da yake na haifa musu biyu. Ana cikin cin abinci ta buga cokali a jikin kofi, ta ce ta kama mana ɗakuna mu duka a wani katafaren wurin wasa da ke tsakanin Manchester da Birmingham, kwana biyu, a watan Agusta. Gidan ya kaure da ihu. 'Ya'yanta, waɗanda suka girmi nawa, suka shiga ba su labarin abin da suke kira roller coaster, wani ɗan jirgin ƙasa da ke hawa sama da mutane ya kifo da su.

Baban Khalifa ya ce, "Haba Yaya, da kin bari sai abin ya matso. Wata shida fa."

Ta ce, "Kai dai ci tuwonka. Da wuri ake kamawa a samu sauƙi. Kuma rabin daɗin tafiya a jiranta yake."

Ita ta faɗa, amma ni aka bari da jiran. Mu a gidanmu yaro bai san da tafiya ba sai ya ga jaka a bakin ƙofa. Tun a motar komawa Iman ta fara: gobe ne? Washegari ta cusa kayanta a jakar makaranta, har da buroshi da takalmin sallar bara, ta zauna a kan matakala tana jira. Shi kuma Khalifa an gaya masa babban jirgin ba a barin yaro ya hau sai ya kai wani tsawo, kuma da ɗan yatsa biyu ya gaza. Yaron da sai an yi dambe yake shan madara ya koma neman ƙari.

Da a da ne, da na kai su cibiyar yara ta unguwarmu su yi ta tsalle har su manta. To an rufe ta, an ce ƙaramar hukuma ba kuɗi. Laburaren ma ba kullum ake buɗewa ba. Ga sanyi, ga duhu da wuri, ga yara biyu a ɗan falo suna tambaya ɗaya. Dole na nemo dabara.

Lissafin kwanaki ba ya shiga kan 'yar shekara biyar, amma ta san bas. Sai na ce musu tafiyar nan kamar shiga bas ce zuwa cikin gari, sai an wuce tashoshi. Tasha ta farko, bishiyar ƙofar gidanmu ta yi ganye. Ta biyu, a fara azumi. Ta uku, a yi salla. Ta huɗu, a rufe makaranta. Daga nan sai sauka. Iman ta daina tambayata, ta koma leƙen bishiya ta taga tana yi mata faɗa.

Dabara ta biyu kuwa 'ya'yan Yaya Hadiza ne suka jawo ta. Sun ce a wurin wasan sai mutum ya daɗe a layi kafin ya hau abin da ba ya wuce ƙiftawar ido, kuma duk yaron da ya yi rigima fitar da shi ake yi. Wannan na ƙarshen ƙarya ce, amma ban ƙaryata ba. Na ce to mu fara koyo. Muka ƙirƙiro wasan layi. Duk inda muka samu layi, a gidan waya ne, a kasuwar Gorton ne, a tashar bas ne, atisaye ne. Dokokinsa uku. Ba a tambayar saura nawa. Ba a leƙa gaba. Kuma duk wanda aka sallama a gabanka, murna za ka yi, don kai ya matsar. Wanda ya jure har aka zo kansa, shi zai zaɓi abin da za a ci da yamma. Mun ci taliya a watan nan har na tsane ta.

Ina cikin wannan ne ƙullutun ya bayyana. Da na gaya wa Baban Khalifa bayan 'yan kwanaki, ya taɓa ya ce, "Kaluluwa ce, Bilki. Ko haƙori ne ke damunki? Amma ki kira GP." Shi ma a lokacin kansa ya ɗau zafi. Kuɗin tallafin karatu sun maƙale a gida, yana kwana a kan bincikensa, Asabar da Lahadi kuma yana ɗaukar kaya a wani sito a Cheetham Hill.

Wadda ba ta zauna a nan ba ba za ta gane wahalar ganin GP, wato likitan unguwa, ba. Da sassafe za ki kama waya, ki yi ta jin kiɗa, in an ɗauka a ce yau ya cika, ki sake gobe. Ƙaramin asibitin da a da ake shiga ba sai da alƙawari ba, shi ma an rufe. Da ƙyar na samu. Likitar ta taɓa wuyan, ta ba ni maganin kwana bakwai, ta ce za su kira su ji yadda na ƙare.

Suka kuwa kira, ba su yi ƙarya ba. Wani likita ne daban, namiji. Ya ce yaya jikin yanzu?

Na ce, "Da sauƙi, mun gode Allah." Da Turanci na faɗa, amma daga Kano amsar ta taso.

'Yan'uwa, nan ne na yi kuskuren da ya ci mini wata biyu, kuma saboda shi na zauna rubutun nan. Mu an raine mu ne a kan cewa majinyaci ba ya kai ƙarar ciwo. Na ga kakata a gadon da ta rasu a kai, ana ce mata ya jiki tana cewa da sauƙi. Ladabi ne, tawakkali ne, kuma mai tambayar ya san abin da ake nufi, ido yake duba ba baki ba. To wannan bawan Allah a waya yake, bai ga idona ba. Abin da na faɗa shi ya rubuta. Alhali ƙullutun bai ragu ba, ya ma samu ƙane a ƙasansa.

Bishiya ta yi ganye, Iman ta yi rawa a tsakar falo. Ni kuma na fara ramewa. Zanen da nake ɗaurawa ya koma zagaye ni har da rara. Abinci ya fita raina. In na farka da asuba sai in ji rigata sharkaf da gumi, a garin da ake kwana da bargo biyu. Da yamma zazzaɓi mai laushi ya rufe ni, da safe ya sake ni. Na koma GP. Na samu wani likitan kuma, na uku. Ya duba kwamfuta ya ce ya ga an rubuta ina samun sauƙi. Ya ce ina gajiya? Na ce wace uwa ce ba ta gajiya. Zancen gumi kuwa kunya ta hana ni ɗaga shi a gaban namiji. Ban ma cire hijabi gaba ɗaya ba, ɗage gefe na yi. Minti goman da suke ba kowa ya ƙare, na fito da shawarar in riƙa hutawa.

Hijabin nan da nake alfahari da shi, shi ya rufa wa ciwon asiri. A islamiyyar yara, a gidan suna, a ko'ina, ba mai ganin wuyana. Sai dai a ce, "Maman Khalifa, wace dabara kike yi haka? Ki ba mu sirrin."

Umma ce ta fara ganowa, daga Kano, ta waya mai hoto. Ta ƙura mini ido ta ce, "Bilkisu, matso da fuskarki." Na gaya mata komai. Ta ce, "Tun yaushe?" Na faɗa. Ta ce, "Wato bayan da aka fara zancen tafiyar nan."

Iman ta riga ta ba ta labarin tafiyar ya fi a ƙirga. Ta ba malamar islamiyya, ta ba mai shagon nama a Rusholme, ta ba direban bas.

Umma ta ce, "Yaran nan sun cika duniya da zance. Tafiya ba a yi mata shela, baki ba ƙarya ba ne. Ki ce musu an fasa. In lokacin ya yi kwa tafi abinku shiru."

Ba na son kowa ya karanta wannan ya raina mahaifiyata. Ita ce ta bi dare tana yi mini addu'a, ta yi sadaka, ta nemo mai zuwa ta aiko mini da zuma da habbatus sauda da man zaitun, kuma duk na yi amfani da su. Tsoro ne irin na uwa da 'yarta ke nesa, ba ta da abin kamawa sai abin da ta sani. Ni ma tsoron ya shige ni. Ban iya cewa an fasa ba, amma na tara su na ce daga yau kada in ƙara jin zancen wurin wasa a bakin kowa, a gida ko a waje.

Khalifa ya ce, "Laifi muka yi?"

Na ce ba laifi, haka dai na ce.

Iman ba ta yi kuka ba. Ta hau sama ta zazzage jakarta, ta mayar da buroshinta banɗaki. Kusan mako guda gidan ya yi tsit. Muka tsaya a layin gidan waya ba wanda ya ce atisaye ne, suka tsaya kawai kamar 'ya'yan mutane. A shirun nan ne na gane ashe surutunsu ne ke riƙe da ni. Da suka daina zancen Agusta, ni ma na daina ganin kaina a Agusta. Na fara kallon kayansu ina tunanin wa zai san Iman ba ta son a taje mata kai da ƙaramin mataji.

Ranar Asabar na ɗauko jakar da kaina na miƙa mata. Na ce, "Mayar da kayanki. Mummy ce ta yi kuskure." Na kira Umma na ce, "Umma, addu'a ba zan fasa ba, kuma zan riƙa tofa musu safe da yamma. Amma ba zan ƙwace musu abin da suke murna da shi ba." Ta ja numfashi ta ce, "To Allah Ya tsare. Ke dai kin biyo taurin kan babanki."

Aka ga wata, tasha ta biyu. Azumin nan mai tsawo na bazarar Ingila, wanda rana ke ƙin faɗuwa. Kowa ya samu abin ɗora wa ramata laifi. A ƙarshen makon farko Yaya Hadiza ta zo mana shan ruwa da kuloli cike da mota. Na shiga banɗaki zan yi alwalar la'asar, na cire hijabi, ban rufe ƙofa ba. Ta zo wucewa ta tsaya cak.

"Amarya, mene ne wannan a wuyanki?"

"Kaluluwa ce, Yaya. Da sauƙi."

"Da sauƙin me? Juyo nan." Ta juya ni wajen haske, ta kama damtsena ta ji ƙashi. "Inna lillahi. Mukhtar! Zo nan, kai da ake ce wa mai bincike. Kana binciken ƙarfe, matarka na narkewa a gabanka?"

Ya fara cewa ai na je GP har sau biyu. Ta ce in faɗa mata abin da na gaya musu, kalma da kalma. Da na faɗa sai ta dafe kai.

"Amarya, nan ƙasar likita ba gaishe ki yake yi ba. In ya ce ya jiki, tambaya ce, kuma amsarki zai bi. Mutane sun yi musu yawa, ma'aikata sun yi kaɗan. Duk wanda ya ce da sauƙi, godiya za su yi su kira na gaba. Ki ajiye kunyarki a bakin ƙofa, in kin fito kya ɗauka."

Ba ta koma Birmingham ba. Ranar Litinin ta kira wurin aikinta ta ɗau hutu, ta karɓi wayata, ta yi Turancin da ban taɓa jin ta yi ba, aka ba mu ganin likita a ranar, kuma mace. A ɗakin ta ƙi yin magana a madadina. Ta ce, "Bakinki ne, faɗa." Na cire hijabin duka. Na faɗi gumin, na faɗi zazzaɓin, na faɗi zanen da ya yi mini yawa. Na ga fuskar likitar ta canza. Ta ɗora ni a sikeli, ta laluba hammatata, ta ce za ta tura ni babban asibiti ta layin gaggawa, za a gan ni cikin mako biyu. Na tambaye ta me take tsoro. Ta ce akwai abubuwa da dama da ke kawo haka, amma akwai wanda suke so su tabbatar ba shi ba ne. Ta kira sunansa, lymphoma. Kalmar nan ta zauna mini a kai kamar ƙusa. A mota Yaya ta gaya mini ciwon daji ne na kaluluwa. Ba ta ɓoye ba, kuma na gode mata.

Likita ta ce in ajiye azumi, malaminmu ma ya ce haka, na ajiye ina kuka.

Daga nan sai asibiti ya zama gidana na biyu. Jini, hoton ƙirji, hoton wuya, sannan allurar da suka soka cikin ƙullutun suka zuƙo abin gwaji. Ba a karɓi ko sisi a hannuna ba, wannan gaskiya ne, ko da yake mun riga mun biya kuɗin lafiya tare da biza. Amma kuɗin bas da tasi, da ranakun aikin da Baban Khalifa ya rasa, sun ci mu. Ma'aikatan kuwa, Allah Ya saka musu. Akwai wata nas baƙar fata mai furfura da ta riƙe hannuna lokacin allurar tana ba ni labarin jikokinta. Ita kaɗai ce a kan mutum wajen goma, ko zama ban ga ta yi ba.

Yaran na gaya musu gaskiya daidai tsawonsu. Na ce akwai abu a wuyan Mummy, likitoci na dubawa.

Iman ta ce, "Za ki zo wurin wasan?"

Na ce, "Ku za ku je in sha Allahu, wannan ba fashi. Ni kuma ina layi, ana dubawa."

Mun riga mun yanke da Yaya cewa ko me sakamako ya nuna, yara za su tafi. Na faɗa da ƙarfin zuciya, kuma har raina haka nake nufi. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne hoton da ke zuwar mini, na su duka a bakin ƙofar wurin wasan suna dariya, da gurbi a gefen Iman.

Ranar karɓar sakamakon allurar ba mu da wanda za mu bar wa yara, sai na ɗauko su daga makaranta muka wuce tare. Ɗakin jira cike, an rubuta a allo cewa likita na baya da lokaci sosai. Na kasa zama. Na je wajen matar da ke kan tebur na tambaya, na dawo, na sake komawa. Da na zauna Khalifa ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Mummy, kin karya doka ta ɗaya. Sau biyu."

Iman ta ce, "Kuma tana leƙa gaba. Na gan ta."

Aka kira wani tsoho ya miƙe da sandarsa, sai Iman ta tafa masa. Mutanen wurin suka juyo, tsohon ya ɗaga mata hula. Dariya ta kuɓuce mini, irin wadda na manta ina da ita. Na zauna na bi doka har aka zo kaina. Ranar Iman ce ta ci wasa, taliya muka ci.

Sakamakon kuwa bai ce komai ba. Abin da allurar ta zuƙo bai isa a gane ba, sai an yanka an ciro guda. Aka sa rana a makon salla. Muka yi idi a Birmingham, a wani fili mai ciyawa da jama'a iya ganin ido, tasha ta uku, ina sanye da leshin da aka rage mini shi har sau biyu. Muka dawo, na kwana ba ci ba sha kamar yadda aka ce, na je asibiti, na sa rigarsu, na zauna har azahar, sannan aka zo aka ba ni haƙuri wai ba gado. Ranar na yi fushi, kuma har yau in na tuna ina yi. Mutum na jiran ya ji ko zai rayu, a ce masa ya je ya dawo. Amma na koyi darasi. Ban ce ba komai ba. Na ce da komai, ina ramewa, ina da ƙananan yara, ina so a ba ni wata ranar kafin in bar nan. Aka ba ni mako na gaba.

Bayan aikin Yaya ta tafi da ni Birmingham na 'yan kwanaki. Ta kwantar da ni a ɗakin babbar 'yarta, ta yi ta ɗura mini kunun gyaɗa da farfesun kaza, tana tsaye a kaina kamar soja. In na ce na ƙoshi ta ce, "Ba da ke nake ba, da ƙashin nan nake." Ita ke wanke mini kai don kada ruwa ya taɓa ɗinkin. Wata rana na ji ta a kicin tana kuka a waya da mijinta, da ta fito kuma ta hau ni da faɗa wai ban shanye kunu ba. Dangin miji irin wannan, sai dai addu'a.

Can Manchester Baban Khalifa na fama. Ya kira ni wai yaya ake kama gashin Iman, ta je makaranta kamar an ja ta a ƙasa. Kullum da yamma sai sun ba ni rahoto: saura tasha ɗaya, Khalifa ya sha madara kofi biyu, Iman ta ƙara laima a jakarta saboda Ingila ba ta da amana. Muryoyin nan su na riƙa jira, fiye da kiran asibiti.

Ga abin da nake roƙon duk wadda ta karanta. In kin ji ƙullutu a jikinki, ko ba ya zafi, kada ki jira ya gaji ya tafi. Ki nemi likita mace in kunya ce matsalar, hakkinki ne. Ki faɗi abin da ke damunki ɗaya bayan ɗaya, har wanda kike ganin ƙazanta ne. Godiyar Allah ki yi ta a zuci da kan sallaya, Ya san da ita. Likita kuwa ki gaya masa ciwo. Yaranki kuma, in suna da abin da suke ɗoki, ki bar musu. Ba ki san ranar da ke ce za ki jingina da shi ba.

A makon da za a rufe makaranta aka kira mu. Da hantsi ne, mun kai yara muka wuce. Baban Khalifa ya sa rigar da yake sawa in zai gana da malamansa, ban san dalili ba. Likitan wani dattijo ne mai gilashi a kan hanci. Da muka shiga na ga wata nas zaune a gefe, sai na tsorata, don an ce in labari ba daɗi ne suke ajiye nas.

Bai ja rai ba. Ya ce, "Ba ciwon daji ba ne."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita a hankali, yana kallon idona. Ya ce tibi ce, ƙwayar tarin fuka, amma ba ta huhu ba, ta kaluluwa. Ƙwayar kan kwanta a jikin mutum shekaru ba ta motsa ba, sai wata rana ta tashi. Ƙirjina fes yake, don haka ba na shafa wa kowa, ko da yake za a duba yara da babansu don a tabbatar. Magani wata shida, kyauta, ba a tsallake ko kwana ɗaya. Nas ɗin nan ita za ta riƙa bibiyata. Fitsarina zai koma ja kamar an zuba manja, kada in tsorata. Ya ce, "In kin sha maganin nan yadda aka ce, warkewa za ki yi sarai."

Na san a gida sunan ciwon nan ɓoye shi ake yi, har a ware wa mutum kwano. Ni kuwa ban san lokacin da na ɗaga hannu sama na ce, "Alhamdu lillahi, tibi ce!" ba. Dattijon ya cire gilashinsa yana dariya, ya ce ya daɗe yana aikin nan, ba kasafai ake yi masa murnar wannan labarin ba. Na juya in ga Baban Khalifa, sai na ga ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa na rawa. Nas ta tura masa kwalin tishu, ya ɗiba ba kunya.

Da na samu numfashi na ce ina da tambaya ɗaya. Akwai tafiyar da yarana ke jira tun sanyi, wata mai zuwa ne. Zan iya zuwa?

Ya tambayi ina ne, na faɗa. Ya ce ya san wurin, ya sha kai nasa. Ya duba ɗinkin wuyana ya ce kafin lokacin ya warke, in tafi da maganina, in ci abinci, in na gaji in zauna.

Baban Khalifa ya share ido ya ce, "Ai ba matsala, likita. Ita a ƙasa za ta zauna ta riƙe mana jakunkuna."

Na dube shi sama da ƙasa.

Na ce, "Wa? Ka nemi mai riƙe maka jaka tun wuri. Ni a kujerar gaban jirgin nan zan zauna."